Yadda ake gane ko injin murfin kwalba ya taka fatent ɗin wani, da abin yi in wasiƙar lauya ta iso

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin buga murfin kwalba, ko wanda ke rufe kwalbar lemo ko ta ruwa, ya san inda surutu ya fi yawa. Can sama ne, wajen mazubin da ake juye murfi buhu guda, yana ta kacau-kacau kamar ana wanke kwanuka, sai kuma kaga suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya cikin wani siririn indararo, kowanne ya juya fuska gefe guda kamar sahun sallah. Wannan ɓangaren da ke tsintar murfi daga tsibi ya daidaita shi ya miƙa shi gaba, masu aikin inji fida suke ce masa, kuma yana cikin wuraren da kamfanonin ƙera injuna suka daɗe suna kai ruwa rana a kai. Dalili kuwa a bayyane yake, murfi ɗaya ya shigo a kife ko biyu su sarƙe da haƙoransu, layi gaba ɗaya ya tsaya, ma'aikata sai zaman jira. Wanda duk ya samo dabarar hana wannan cushewar, gudu yake ya je ya yi mata fatent, wato takardar da gwamnati ke ba mai ƙirƙira ta hana kowa taɓa dabarar sai da izininsa na wasu shekaru.

Shi murfin ƙarfen nan mai haƙora, wani mutum ne William Painter a garin Baltimore na Amurka ya yi masa fatent a 1892, ya kafa kamfanin Crown Cork & Seal a kansa. Nasa na farko haƙori 24 gare shi, na yanzu 21, in baka yarda ba ɗauki murfin lemo ka ƙirga.  A wancan zamanin fatent a Amurka shekara 17 yake yi daga ranar da aka bayar, kaga kenan zuwa 1909 murfin ya zama na kowa. Toh in kowa zai iya buga murfi iri ɗaya, ina gasa ta rage? Sai a injin, wa ya fi sauri, wa injinsa bai cushewa.

Abin da zan jero a nan shi ne yadda ake bin maganar daki-daki, ko kai mai ƙera fida ne a shagon walda, ko ka sayo layin inji daga waje, ko kuma kai ne kake ganin an kwaikwayi taka dabarar.

Da farko, wasiƙar

Yawanci rigimar da takarda take farawa, lauyan wani kamfani ya rubuto yace injinka ya shiga haƙƙinsu, ka dakata cikin kwana kaza ko a haɗu a kotu. Abu biyu ne mutane ke yi duka kuskure. Wani ya jefa ta a durowa yace barazana ce, wani kuma ya ɗauki waya jiki na rawa ya fara bada haƙuri, har da cewa wallahi ai mun ga naku ne ya burge mu muka yi irinsa. Wannan kalmar fa ita za a karanto maka a gaban alƙali. A Amurka in kotu ta gamsu da gangan ka yi, tana iya ninka diyya har sau 3, kuma ana iya bin ɓarnar shekara 6 baya. Don haka abin yi shi ne ka rubuta ranar da wasiƙar ta iso, ka ajiye ambulan ɗin, ka hana yaranka tattauna maganar a WhatsApp, kar kuma ka goge komai ko ka yi sauri ka kwance injin ka ɓoye. Amsa in ta zama dole, layi biyu ta isa: mun samu, muna dubawa. Sannan ka nemo abu uku a cikin wasiƙar, lambar fatent ɗin, ƙasar da ta bayar da shi, da sunan mai shi. Wasiƙar da babu lamba a cikinta, ka ce su turo, har sai sun turo babu abin dubawa.

Na biyu, fatent ɗin na wace ƙasa ne

Nan ne rigima da yawa ke mutuwa tun kafin a ɗaura mata zani. Fatent iyakarsa iyakar ƙasar da ta bayar. Na Amurka a Amurka yake aiki, na Jamus a Jamus, na Sin a Sin. Babu wani abu wai shi fatent na duniya, wancan mai lambar da ke farawa da WO da ake ta ɗaga wa mutane, takardar nema ce kawai a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ake kira PCT, tana riƙe wa mutum layi na kusan wata 30, bayan nan dole ya bi ƙasa-ƙasa ya shigar ya biya. Haruffa biyun farko na lambar su za su gaya maka: US, DE, CN, EP na ofishin Turai, haka dai.

In a Najeriya injinka yake, sai in sun yi rajista a ofishin fatent da ke Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, a kan dokar fatent da zane ta 1970. Najeriya bata cikin ƙungiyoyin fatent guda biyu na ƙasashen Afirka, wato OAPI da ARIPO. Amma in kana Maradi ko Garwa ko Njamena lissafi ya canza, don Nijar da Kamaru da Chadi duk suna cikin OAPI mai hedikwata a Yawunde, takarda ɗaya a can ta rufe duka ƙasashen ƙungiyar 17. Gana da Sudan kuma suna ARIPO ta Harare, inda mai nema ke zaɓar ƙasashen da yake so.

Sai dai kar murna ta yi yawa. In kana fitar da injin zuwa ƙasar da suke da fatent, ko zaka kai shi baje-koli irin drinktec na Munich, toh ka shiga gonarsu da ƙafarka. Kuma dokar Najeriya bata tsaya kan mai ƙerawa ba, ta haɗa da mai shigowa da shi, mai sayarwa, mai amfani da shi, har mai ajiye shi don sayarwa. Wato "ni saya na yi, ba ni na ƙera ba" ba ta fidda mutum.

Na uku, yana da rai kuwa?

Buɗe Google Patents ko Espacenet, shafukan binciken fatent ne a intanet, duka kyauta ne, ka zuba lambar. Ranar shigar da nema zaka duba, ba ranar bayarwa ba. Yanzu kusan ko'ina shekara 20 ne daga ranar shigarwa, Amurka ma ta koma haka tun Yunin 1995. Bayan nan akwai kuɗin raya shi. A Amurka ana biya a shekara 3 da rabi, 7 da rabi, 11 da rabi daga ranar bayarwa, a Najeriya duk shekara, da sassaucin wata 6, wanda bai biya ba fatent ɗinsa ya faɗi. Zaka sha mamakin yawan takardun da suka mutu a hanya don mai su ya gaji da biya. Haka kuma ka lura ko an ma bayar da shi, don ana buga takardar nema a fili bayan wata 18 tun ba a amince ba, kuma abin da mutum ya roƙa daban, abin da aka bashi daban. Na Sin kuma akwai wani ƙaramin nau'i mai shekara 10 wanda ba a yi masa binciken ƙwaƙƙwafi kafin a bayar, ƙananan gyare-gyaren inji irin na fida sun cika zuwa da shi.

Kwanan wata ba abin rainawa bane a wannan harka. Shari'ar Crown Cork & Seal da kamfanin Ferdinand Gutmann da ta kai har Kotun Ƙolin Amurka a 1938, a kan hanyar manna ɗan faifan nan ne da ake sakawa a tsakiyar ɓawon da ke cikin murfi don kar abin sha ya taɓa shi, amma abin da kotun ta zauna a kai shi ne jinkiri, ko ɗaukar fiye da shekara 2 kafin a shigar da reshen takardar nema, wato wata takarda da aka ciro daga nema na farko, ya kashe fatent ɗin. Kotun tace bai kashe ba tunda babu wani da haƙƙinsa ya shiga tsakani a lokacin. Kaga rigimar inji ta koma rigimar kalanda.

Na huɗu, karanta da'awa, nan ne gizo ke saƙar

In ka manta duk abin da na faɗa, riƙe wannan. Takardar fatent tana da zane-zane, da dogon bayani shafi goma ko ashirin, sannan a can ƙarshe akwai wasu jimloli masu lamba 1, 2, 3, kowacce doguwa babu aya sai a ƙarshe. Su ne da'awa, lauyoyi na cewa kilem. Su kaɗai ne katangar gonar. Zanen da bayanin aikinsu su taimaka a fahimci kalmomin da'awar, dokar Najeriya ma haka ta faɗa ƙarara a sashe na 6. Mutane sai su kalli zane su ce kai wannan ai injina ne sak, hankali ya tashi, alhali abin da aka kare wani ɗan harshen ƙarfe ne a bakin indararo wanda kai baka ma da shi. Wani kuma ya kalli zane yace ai nawa bai yi kama da wannan ba ko kaɗan, ya je ya kwanta, alhali kalmomin da'awar sun rufe shi ruf.

Fara da da'awar da ke tsaye da ƙafarta, yawanci ta 1. Sauran da ke cewa "na'ura kamar ta da'awa ta 1, wadda kuma…" 'ya'ya ne, sun ɗauki duk abin da ke cikin uwar sun ƙara wani sharaɗi. In ka tsallake uwar ka tsallake 'ya'yanta. Amma ka karanta har ƙasa don sau da yawa akwai wata uwar a lamba 10 ko 15, wani lokacin ma ba ta na'ura ba, ta hanyar yin aikin.

Bari in ƙago misali don a gane. A ce da'awa ta 1 tace: na'urar ciyar da murfi wadda ta ƙunshi mazubi, da faifai mai juyawa a karkace a cikin mazubin, mai aljihuna a gefensa, da indararo mai karɓar murfi daga faifan, da bututun iska mai hure duk murfin da ya zo a kife ya mayar da shi mazubi, da harshen ƙarfe mai sifirin a bakin indararon mai sakin murfi ɗaya-ɗaya. Ka ɗauki biro ka yanka ta a duk inda aka ambaci sabon ɓangare, gaɓa 5 kenan. Ƙa'idar ita ce sai injinka yana da dukkan biyar ɗin sannan ka taka. Huɗu cikin biyar ba taku bane. Babu wani "ai kashi 80 iri ɗaya ne", kuma maganar da ake yaɗawa wai in ka canza kashi 10 ko 20 na inji ka tsira, tatsuniya ce, babu ta a dokar kowace ƙasa da na karanta. A ɗaya gefen kuma, kalmar "ta ƙunshi" buɗaɗɗiya ce, in kana da biyar ɗin ka ƙara kyamara da kwamfuta da fenti mai kyau a kai, har yanzu ka taka. Ragi ke fidda mutum, ƙari baya fiddawa. Ko da kai ma kana da naka fatent a kan ƙarin, bai baka izinin amfani da biyar ɗin wani ba.

Sai kalmomi. Me ake nufi da "a karkace", digiri 5 ma karkata ce? "Aljihu" dole rami ne, ko tazara tsakanin turaku biyu ma aljihu ce? Kar ka yi dariya, a kan irin wannan ake kashe miliyoyi. Koma cikin dogon bayanin ka nemo duk inda aka ambaci kalmar ka ja layi, don mai ƙirƙira yana da damar ba kalma ma'anar da yake so muddin ya bayyana. A Amurka tun shari'ar Markman ta 1996, alƙali ne ke yanke ma'anar kalmomin, kuma sau tari da an yanke sai kaga an koma teburin sulhu, don kowa ya riga ya hango inda aka dosa.

Na biyar, je gaban injinka

Kashe wuta, buɗe murfin fidar, ka zo da injiniyan da ya san ta da waya mai kyamara. Ja layi a tsakiyar takarda, hagu gaɓoɓin da'awa ɗaya-ɗaya, dama abin da ke cikin injinka da hoto da awo. Bidiyo a hankali yana da amfani sosai don ido baya iya bin murfi a guje.

Ka san irin fidar da kake da ita, don ba iri ɗaya bane. Akwai mai faifan juyawa da na ambata. Akwai kwano mai karkarwa da murfi ke hawa a zagaye kamar matakalar hasumiya. Akwai mai wurgi da juyi, da ke tura murfi gefe da ƙarfin gudu. Na murfin roba irin na kwalbar ruwa kuma an fi ganin bel mai tsani da ke hawa kusan a tsaye, wanda ya hau daidai ya zauna, wanda ya hau a juye nauyinsa ya rinjaye shi ya faɗo da kansa, babu iska babu komai. Na ƙarfe kuwa har mayen ƙarfe ake sawa ya ɗauke su sama. In da'awa tana maganar faifai kai kuma bel gare ka, ka kusa gamawa. Amma ka rubuta gaskiya a takardar nan, in gaɓa tana nan ka ce tana nan, yaudarar kai a wannan matakin tsada gare ta. Kuma zai fi kyau lauya ne ya sa ka yi ta, a hannunsa za ta zauna, kar ta yi ta yawo a ofis.

Na shida, tarkon "kusan daidai"

A ce ka tsallake gaɓa ta 5 don kai a maimakon sifirin ɗan guntun roba mai lanƙwasa ka saka. Ka tsira? Da sauran rina a kaba. Kotuna sun daɗe da gane wayon canza ɗan abu don a zille. Tun a wata shari'a ta shekarun 1850 aka ga haka: wani Ross Winans, shi ma mutumin Baltimore, ya yi fatent na taragon ɗaukar kwal mai siffar mazurari zagayayye, wasu suka ƙera nasu mai kusurwa 8 suka ce ai namu ba da'ira bane, Kotun Ƙoli bata karɓi wannan a matsayin mafita ba. A 1950 kuma a shari'ar Graver Tank, kan garin da ake walda da shi, aka ƙarfafa awon da har yau ake amfani da shi: abin da ka musanya, aiki ɗaya yake yi, ta hanya ɗaya, ya bada sakamako ɗaya? In eh ne duka ukun, ka taka ko da kalma bata kama ka ba. Ingila ma ta rungumi irin wannan a 2017.

Guntun robar nan da sifirin, gaskiya ni a ganina ɗan juma ne da ɗan jummai, duka lanƙwasawa suke su dawo. Amma in ka cire harshen gaba ɗaya ka sa faifai mai haƙora da ke juyawa yana ɗaukar murfi ɗaya a kowane gurbi, hanyar ta canza, kana da bakin magana. Kuma awon gaɓa-gaɓa ake yinsa, ba a ɗauki inji sukutum a ce ai duk murfi suke ciyarwa ba.

Akwai kuma makamin da mutane ke mantawa, fayil ɗin musayar wasiƙu tsakanin mai nema da ofishin fatent. Na Amurka da na Turai a buɗe suke a intanet. Sau da yawa mutum da faffaɗar da'awa yake zuwa, jami'i yace an riga ka, sai ya matse ta ya ƙara kalma, misali da farko "abin riƙe murfi" yace, da aka matsa masa ya koma "harshe mai sifirin". Abin da ya saki da hannunsa don a bashi takarda, da wuya a bar shi ya dawo ya karɓe ta bayan gida, shari'ar Festo ta 2002 a kan haka take. Wanda ya yi haƙurin karanta fayil ɗin nan yakan samu abin da ya fi kuɗin lauyan wata guda.

Na bakwai, tono tsofaffin takardu

Ko ka taka, in fatent ɗin bai cancanta ba tun asali, babu komai a kanka. Sharaɗi shi ne dabarar ta zama sabuwa a ranar da aka shigar, kuma ba wadda duk ƙwararren makaniki zai hango da kansa ba. Toh harkar ciyar da murfi ta haura shekara 100 ana yinta, akwai tsofaffin takardu jibgi. A Espacenet ka yi bincike da lambar rukuni, wato lambar da ake ba kowane fannin ƙirƙira, ya fi bincike da kalma: B67B 3/06 na ciyar da murfi zuwa kan da ke rufe kwalba, B65G 47/14 na daidaita kaya daga tsibi, B21D 51/44 zuwa 51/50 na ƙera murfin ƙarfe da saka masa abin toshewa. Ka saita ranar ta tsaya kafin ranar fatent ɗinsu. Kar ka tsaya kan murfi kaɗai, masu ciyar da maɓalli, kusoshi, ƙwayar magani, duk matsala ɗaya suke warwarewa. Tsohon katalog, littafin gyaran inji, mujallar 'yan kasuwa, duk hujja ne in akwai kwanan wata a jiki. Katalog mara kwanan wata kuwa sai dai a naɗe ƙosai.

Takarda ɗaya mai ɗauke da duk gaɓoɓin ita ce zinariya. In babu, ana haɗa biyu a nuna haɗin a fili yake, kamar yadda aka yi a shari'ar KSR ta 2007 inda aka haɗa totur ɗin mota mai matsawa da na'urar lantarki da kowa ya sani, kotu tace wannan ba ƙirƙira bace. A Amurka akwai hanyar ƙalubalantar fatent a ofishin da ya bayar ba sai kotu ba, amma takardu bugaggu kaɗai ake karɓa kuma shekara 1 gare ka daga ranar da aka miƙa maka sammaci. A Najeriya wannan mataki ya ma fi nauyi, don magatakarda tsarin takardu kawai yake dubawa, baya binciken ko dabarar sabuwa ce, doka da kanta tace an bayar ne a kan kasadar mai shi ba tare da lamuni ba. Wato jan hatimin da ke kan takardar bai nuna an taɓa gwada ta ba. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin soke ta, kuma tana iya zama da ƙwararru biyu su taimaka wa alƙali kan abin da ya shafi inji.

Wani abu da ke tasowa kullum shi ne gyara. Ka sayi inji na asali daga mai fatent, faifan ya cinye, ka kai wa mai juya ƙarfe ya yanko maka wani, sai kamfani yace dole nasu zaka saya. Tun 1850 a shari'ar Wilson da Simpson, kan injin fere katako da wuƙaƙensa ke dakushewa cikin wata biyu zuwa uku, kotun Amurka tace wanda ya sayi inji yana da haƙƙin canza abin da ke cinyewa. Abin da aka hana shi ne ka sake gina injin da ya mutu murus da sunan gyara. Sannan dokar Najeriya ta kare wanda ya riga yana ƙera abin a cikin ƙasa da zuciya ɗaya kafin ranar da wancan ya shigar da nemansa, amma sai da shaida, tsofaffin rasit, zane mai kwanan wata, hoto. Masu walda namu kuwa a ƙasa suke zane da alli su share da ƙafa. Dan Allah a sayi littafi ko na ɗari biyar ne.

Na ƙarshe, zaɓi

Yanzu takardarka na hannu, sai ka je wajen lauyan da ya san harkar fatent, ba wanda ya yi maka takardar fili ba. In akwai gaɓar da babu ita a injinka, ya rubuta musu amsa a nuna ta, shikenan. In ka taka amma gaɓa ɗaya mai saukin canzawa ce, canza ta, ka cire bututun iskar ka sa tsagi a indararo wanda murfin da ya kife zai faɗa da kansa, ka gwada, ka rubuta ranar canjin. Wannan halal ne, doka ma so take a yi. Sai dai baya goge na baya, kuma ka sake bin mataki na shida a kan sabon tsarin kafin ka kashe kuɗi. In dabarar tasu ce ke riƙe da saurin layinka kuma saura shekara 2 ko 3 ta mutu, sau da yawa lasisi ya fi arha, ka nemi a rubuta cewa ya shafe abin da ya wuce kuma biya zai tsaya ranar da fatent ya faɗi ko aka soke shi. Kotu ita ce ta ƙarshe, don abin tsoro a can ba diyyar bace kawai, umarnin dakatar da inji ne, layi a kashe ga albashi ga bashin banki.

In kuma sayen injin ka yi, tun ranar da wasiƙar ta zo ka tura wa wanda ya sayar maka kwafi a rubuce, ka ce ya shigo maganar. Nan ne mutum ke gane amfanin kwangila, don wanda ya sayi layi da hira a waya da rasit ɗin biya kaɗai, da ƙyar in za a ɗaga kiransa. Wanda bai saya ba tukun, ya sa a rubuta masa layi uku kafin ya biya kafin-alƙalami: mai sayarwa ya tabbatar injin bai taka fatent ɗin kowa ba a ƙasar da za a kafa shi, in rigima ta taso shi zai ɗauki kuɗin lauya da diyya, in kuma aka hana amfani da fidar zai canza ta da wata a kan kuɗinsa cikin kwana kaza. Ka nemi ya rubuta sunan kamfanin da ya ƙera fidar da lambar samfurinta daban, don sau da yawa mai haɗa layin shi ma sayo ta ya yi a wani wajen ya ɗaura.